Shekarar Da Na Raba Ƙwaryar Kunu

Da sunan Allah nake farawa, shi ya ara mini kwanakin da har na ga jikokina. Ku 'ya'yana, na san abin da ake faɗa muku a kasuwar Gozaki, wai ubanku Sa'idu masaƙi ne ya kori aminin mahaifinsa daga rumfar saƙa, dattijo mai furfura, don kawai ya yi tari. Ba ƙarya suka yi ba, amma rabin magana suka ba ku. Tun da har yanzu idona yana ganin bakin alƙalami, bari in rubuta muku sauran da hannuna, kada in mutu ku ci gaba da sunkuyar da kai a kan abin da ni, in na tuna shi, sai in ji jinina ya motsa kamar na saurayi.

Rumfarmu tana bayan gida, kakanku ne mai ita, mu Baba muke ce masa. Da an gama kai dawa rumbu, an cire auduga, mata sun gurza sun kaɗa, sai mu yi wadari, wato mu ja zare a tsawo mu jera shi, kowa ya kama masaƙarsa. Mu tara ne a jere, kafaɗa na gogar kafaɗa. Baba a farkon layi, kusa da shi Baffa Tanko, abokinsa tun suna yara suna kiwon awaki, sannan sauran bisa ga shekaru, har zuwa kan ƙanena Iro a ƙarshe. In sanyi ya shigo sai a kewaye rumfar da zana ruf, a hura wuta, hayaƙi ya cika wurin. Da hantsi kuma a kawo kunun tsamiya daga cikin gida a wata ƙatuwar ƙwarya. Baba zai yi bisimilla ya kurɓa, ya miƙa wa Baffa Tanko, shi ma ya kurɓa ya miƙa wa na ƙasa da shi, haka ƙwaryar za ta bi layi baki bayan baki. A wurinmu wannan ba shan kunu kaɗai ba ne. Shan ragowar babba albarka ce, wanda kuma ka sa baki inda ya sa nasa, ba za ka ci amanarsa ba. Da haka aka raine mu.

To, amma kowace shekara, da sanyi ya kankama, akwai baƙuwar da ba ta fashi. Mura ce, ba irin ta yayyafi da ke wucewa da atishawa biyu ba, irin mai zuwa da masassara, ta bi gaɓoɓi kamar an yi maka duka da taɓarya. Mu kuwa maza muna da wata wauta da muke ɗauka jarumtaka: namiji ba ya kwanciya don mura. Wanda ya kwana biyu a ɗaki sai a yi masa waƙa. Saboda haka mutum zai zo rumfa ido jajir, majina na zuba, ya share da hannu, ya karɓi ƙwarya da hannun nan, ya sha ya miƙa. Kafin wata ya juya rumfa ta yi tsit, zare na kwance a fili awaki na tsallake shi, fatake su wuce Kano da tufafin wasu. Samari su miƙe, tsofaffi kuwa ba duka ke miƙewa ba. Sai mu ce sanyi ne ya kama ƙirji, mu ƙara zana, mu ƙara matsuwa kusa da wuta.

Shekarar da na auri mahaifiyarku Dije, rumfa ta yi mana kaɗan, sai aka fitar da masaƙata waje, ƙarƙashin bishiyar ɗorawa. Dije kuwa amarya ce mai son a san ta iya, ba ta yarda in jira ƙwaryar gida ba. Kullum sai ta aiko mini da nawa kunun a wani ƙoƙo mai zane daga cikin kayan ɗakinta. Na sha tsiya a wurin Iro.

“Ango mai ƙoƙon kanshi! Mu dai Allah ya ba mu mai yi mana zane a ƙoƙo.”

A sanyin nan mura ta zo kamar yadda ta saba, ni kuwa ina waje ina kallon rumfa kamar mai kallon kokawa. Abin da na gani shi ya hana ni sukuni. Baffa Tanko ne ya fara, ya kwaso ta a wurin wata jana'iza. Bayansa sai wanda ke karɓar ƙwarya daga hannunsa. Bayan wannan sai na ƙasa da shi. Ta bi layin nan tiryan-tiryan har kan Iro, ba ta tsallake kowa ba. Baba, wanda shi ne mafi tsufa, wanda in sanyi ne ke kawo ta shi ya kamata ta fara kayarwa, shi ne na ƙarshen kamuwa, don shi ke fara sa baki a ƙwarya. Ni kuwa da ke zaune a fili, iska na kaɗa ni ta ko'ina, ko atishawa ban yi ba. Da ta kama Baba ta kama shi da gaske. Sai da muka fid da rai, aka juya shi gabas, sannan Allah ya dawo mana da shi, ya rame kamar sillen kara.

Ranar da abin ya haɗu a kaina na bar ƙoshiyar saƙa a cikin zare na ruga gida, ina magana ina haki. Dije tana tankaɗe. 'Yar Fulanin da suka zauna kusa da Tsiga ce, ta tashi cikin shanu. Ta saurare ni har na gama, ko gezau.

“To, Malam, wannan ne ka rugo kamar an biyo ka? Ai mu saniya in ta fara tari, babanmu ba ya barin ta cikin garke. Turke daban yake kafa mata, ruwanta ma daban. In ta warke ta dawo.”

“Amma mu mutane ne, Dije.”

“Shi ya sa. Saniya ba ta jin haushi in an ware ta.”

Na yi dariya a lokacin, ban san ta faɗa mini duk abin da zai same ni ba. Damina guda na yi da abin a raina. Ina noma ina shirya rumfa a kaina, ina jera masaƙu, ina rushewa. Wallahi ban taɓa ɗokin zuwan sanyi ba sai a shekarar nan. Baba kuma tun ciwon nan ƙarfinsa bai dawo duka ba, ya sakar mini ɗawainiyar rumfa, ni ke wadari, ni ke raba zare, shi dai ya zauna a masaƙarsa ya yi abin da ya samu. Da kaka ta yi na sa gatari na saro itace, na ƙara wa rumfa tsawo har ta kai gindin ɗorawa, yadda tsakanin mutum da mutum jaki zai iya wucewa da kaya. Na ƙi kewaye ta da zana sai ta gefen da iska ke bugowa. Ranar kasuwar Gozaki na je na zaɓo ƙoƙuna tara, na dawo na yi wa kowanne shaida da wuƙa, na Baba na fi ƙawata shi.

Safiyar farko aka kawo ƙwarya, Baba ya miƙa hannu kamar kullum. Ni kuwa na durƙusa, na ɗauki ludayi na zuba masa a nasa ƙoƙon, na zuba wa Baffa Tanko, na bi layi. Na faɗa musu abin da na gani bara, ban rage komai ba. Na ce daga yau kowa da abin shansa, ga buta nan a bakin rumfa, duk mai shigowa ya wanke hannu, mai tari ya kau da kai ya yi cikin hannun rigarsa. Wanda kuma ya ji jikinsa ya canza, ya zauna a gida, mu za mu saƙe masa zarensa, rabonsa yana nan ba wanda zai taɓa.

Baffa Tanko ya juya ƙoƙon a hannunsa ya dubi Baba.

“Ka ji ɗanka? Yau kuma bakinmu ne ya zama dafi. Yaro, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.”

Baba ba mai faɗa cikin mutane ba ne. Ya ajiye ƙoƙonsa a ƙasa, bai kurɓa ba, ya yi magana yana kallon zarensa, ba ni ba.

“Ƙwaryar nan tun kakana take zagaya rumfar nan. Ita ta riƙe mu, ba itace da kara ba. Na ba ka rumfa, ba zan karɓe a gaban jama'a ba. Amma ka ji da kyau: in ta watse a hannunka, kada ka zo neman albarkata a kanta.”

Ku da ba ku san kakanku ba, ku sani wannan maganar ta fi bulala. Daga ranar kullum zan zuba masa kunu, kullum zai bar shi ya huce a ƙasa, ƙudaje su sha. Tsoho marar ƙarfi ya gwammace ya yi saƙa da yunwa har azahar da ya sha a ƙoƙon da na ware masa. Ina gani, amma ban janye ba, domin ni na riƙe kansa bara da muka juya shi gabas.

Sai ga mura ta shigo gari. Ta fara da maƙera, wuta ta mutu a can. Ta faɗa wa marina, karofi ya zama ba kowa. A masallaci tari ya hana a ji karatun liman. A rumfarmu Iro ta fara taɓawa. Da ya yi atishawa ta uku na ce ya tashi. Ya miƙe yana murmushi, ya naɗe gwadonsa.

“Yaya, wato in kwanta, Inna ta dama mani kunu da citta da masoro, kai kuma ka saƙe mani zare? Allah ya ja zamaninka! Ina ma tun bara ka zama sarkin rumfa.”

Aka kwashe da dariya, dariyar nan kuwa ta yi mini aiki fiye da wa'azi, don daga ranar kwanciya ta daina zama abin kunya. Na riƙa gama nawa in koma kan masaƙarsa, hannuna har ya yi kanta. Kowace safiya ina tsaye a bakin rumfa ina duban idanun masu shigowa, ina jiran in ga wa za ta kama bayan Iro. Wanda ke kusa da shi lafiya lau. Na gaba da shi lafiya lau. Iro ya warke ya dawo, ba wanda ya bi bayansa! Ku yarda da ni, ranar na shiga gida na ɗaga mahaifiyarku sama da tukunyar da ke hannunta, ta ce in sauke ta kada surukai su gani. Gari duk ya kwanta, rumfarmu kaɗai ke kara, zugun saƙi na tashi bayan zugu. Mutane suka fara zagayowa ta bayan gidanmu don su gani da idonsu, wasu na cewa laya muka binne. Ni kuwa tafiya nake kamar ƙasa ba ta taɓa ƙafata.

Ana cikin haka wata safiya Baffa Tanko ya iso. Tun daga nesa na ji tarinsa. Ya lulluɓe da gwado, idanunsa sun kaɗa, yana tafiya yana dafa sanda. Ya wuce buta bai dube ta ba, ya zauna a wurinsa kusa da Baba. Na tsaya ina kallon tazarar da ke tsakaninsu, na ga ba ta isa komai ba, don kan Baffa ba ya rabuwa da kunnen Baba, hira suke tun safe har yamma. Iro ya yi mini ido, wai in bari. Na san in na bari, gobe ba ni da bakin tayar da kowa, kuma ƙirjin Baba ba zai ɗauki irin ta bara ba. Na cire takalmi, na je na tsuguna a gabansa.

“Baffa, don Allah ka yi haƙuri ka koma gida ka huta. Ni da kaina zan saƙe maka zarenka, in kai maka har ɗaki.”

Ya dube ni tun daga sama har ƙasa.

“Ni kake tayarwa? Ni kuturu ne?”

“A'a, Baffa. Baba nake ji wa tsoro.”

“Ranar da aka haife ka ni na yi maka huɗuba a kunne, da bakin nan da kake ƙyama. Kai kuma,” ya juya wurin Baba, “kana zaune?”

Baba bai ɗaga kai ba. Ya riga ya ce ba zai karɓe rumfa a gaban jama'a ba, shi kuwa ba ya magana biyu. Baffa Tanko ya miƙe, ya tsinke zarensa da hannu, zaren da ya kai rabi, ya tuge itacen masaƙarsa ɗaya bayan ɗaya yana tari. Kafin azahar ya ɗaure kayansa a jaki, ya ce Gozaki za shi wurin ɗansa. Baba ya tashi ya yi masa rakiya, ba irin ta bakin ƙofa ba, sai da suka kai rafi. Wanda ya gan su ya ce mini sun zauna a gindin wata tsamiya, Baffa ya ciro goran ruwansa ya sha, ya miƙa wa Baba, Baba ya sha.

Baffa Tanko ya warke a can, amma bai sake taka garinmu ba. Na je gaishe shi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, da goro da turmin zane, ya amsa da ka, bai taɓa ce mini zauna ba har ya koma ga Allah. Ban ce na yi kuskure ba, kuma ko yau aka maimaita haka zan yi. Amma ya yi mini ciwo, har yanzu yana yi. Na raba mahaifina da abokin da ya fi shekaruna daɗewa tare da shi, kuma a kwanakin da suka biyo baya in na gaishe da Baba sai ya amsa wa iska. Na riƙa ƙirga mutanen rumfa da ido ina tsoron wani zai bi Baffa, don in mutum biyu suka ƙara tashi, ta watse ke nan.

Sai wata safiya muka hallara, aka kawo kunu, wurin Baba ba kowa. Mutumin da tun da na yi wayo ban taɓa riga shi zuwa rumfa ba! Na ce wa sauran su ci gaba da aiki, na yar da ludayi na nufi cikin gida da gudu. Na tarar da Inna tsaye a tsakar gida da ƙwaryar ruwan zafi, ta nuna mini ɗakinsa da haɓa. Asabarin ƙofar a sake yake. Na sa hannu zan ɗaga, sai na ji muryarsa daga ciki, ta dushe kamar ba tasa ba.

“Tsaya nan. Kada ka shigo.”

“Baba, jikin ne?”

“Murar ce. Tun asuba na ji ta a maƙoshi.” Ya yi tari mai tsawo. “Ba kai ka ce mai ita ya zauna gida ba? To na zauna. Uwarka kaɗai za ta shigo, na ce ta ware mani abin shana.”

Na zauna a ƙasa a bakin ƙofa. Na buɗe baki zan ba shi haƙuri a kan Baffa, ya katse ni.

“Yi shiru. Saurara.”

Na yi shiru. Daga bayan katanga ƙarar masaƙu take shigowa, kaf-kaf, kaf-kaf, wannan na kama wancan, har da muryar Iro yana rera wani abu. A tsakiyar sanyi, a watan da tun kakan Baba ba a jin komai a bayan gidan nan sai tari.

“Su duka ne?” in ji shi.

“Duka, Baba. Taka ce kawai ba kowa, sai tawa da na baro.”

Ina jin numfashinsa yana fita da ƙyar. Allah ya tashe shi daga wannan ciwon, ya ƙara shekaru tare da mu, amma a safiyar nan ba mu san haka ba, ni da shi. Da ya sake magana sai da na kara kunnena a jikin asabari.

“Zarena ya kai rabi, kada ya kwana a fili. Tashi ka je ka zauna a wurina ka ƙarasa shi. Allah ya yi maka albarka.”

Na tashi na koma rumfa ina share ido da hannun riga. Iro na ganina ya tsayar da ƙoshiyarsa, ya nuna ni da yatsa.

“Kai, Yaya, ido ja, hanci na zuba! Doka dai doka ce, koma gida.”

Na ce masa ba mura ba ce. Na wanke hannuna a buta, na wuce shi, na wuce sauran, na je farkon layi na zauna.